Ki Ce Ma Mai Tumaki

Galma, 3 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Zuhura, Ibohamane.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Sufyanu da yara. Yaya jikin Inna? Jima direba ya ce ya sauke ku lafiya, ya kuma ce tun daga Tawa har ƙofar gidanki Inna faɗa take masa a kan gudu. Da na ji haka hankalina ya kwanta. Wadda aka cire wa yanar ido kwana uku da suka wuce, in har tana da ƙarfin yi wa direba faɗa, to sauƙi ya samu.

Kin ce in riƙa rubutowa maimakon kira, tunda kunnen Inna ba ya kama maganar salula, kuma ni da ke mun san ko yana kamawa ba za ta karɓa ba in aka ce ni ne. To ga ni da biro kamar ɗan lakwal a gaban malamin aji. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da igiya.

Gida lafiya. An yi ruwa mai kyau sau biyu tun tafiyarku, geron gonar tudu ya yi ciki. Matata Hajo tana gaishe ku. Tumaki sun ƙoshi, sai dai ciyawa ta kai gwiwa a bayan garke, kaska kuma ta yi yawa bana fiye da yadda na saba gani. Wannan ba abin damuwa ba ne. Kin san yayanki, babu kaskar da ta isa ta kwana biyu a jikin dabbata.

Sai maganar amanar da aka bar mini. Ke lokacin kina can kina ɗaura kaya a mota. Inna ta tsaya bakin ɗakinta, ni ina tsaye taku biyu da ita, ta sunkuya ta shafa kan mussarta ta ce, "Ki ce ma mai tumaki na bar ki hannunai. Shi dube ki yadda shika duban ragunan layya." Ni kuma na ce wa mussar, "Ce mata na ji." Bankwanar da muka yi ke nan.

Ki gaya mata 'yar aikenta tana nan. Na kulle ɗakin Inna saboda awakin maƙwabta, mussar ta kwana biyu tana kuka a ƙofar, da ta gaji ta koma garke. Yanzu can take kwana cikin 'yan raguna, har ta fi ni zama da su. Jiya na ga kaska biyu a bayan kunnenta, na fizge ɗaya ta yakushe ni, na bar mata ɗayar ta ji da ita. Ni da nake kayar da rago mai ƙaho da hannu ɗaya, yau ga ni da tabon mussa a babban yatsa. Kada ki karanta wa Inna wannan layin.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ki ladar jinya. A gaida kowa.

Yayanki,
Halidu

*

Ibohamane, 7 ga Agusta

Yaya Halidu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, ta same mu lafiya, Sufyanu da yara suna amsawa. An cire wa Inna bandeji, kuma idon ya buɗe tangaran. Abin da ta fara gani shi ne na tsufa, na biyu kuma labulen ɗakina bai yi mata ba. Ka ga ribar da na samu.

Na karanta mata takardar duka, har da layin da ka ce in tsallake. Ni metires ce, malamar makaranta, ba na tsallake layi. Ta sa na maimaita, sannan ta karɓe ta sa ƙarƙashin matashi.

Maƙwabciyata Lantana tana zaune ake karatun. Da muka fito ta ja ni gefe ta ce wai me ya sa tsohuwa take aiken kyanwa, ita haka take kiran mussa, irin ta littafin lakwal. Sai da na yi mata bayani. Na ce kai ne ɗan fari, shekara hamsin da ɗaya Inna ba ta taɓa kama sunanka ba, ba ta taɓa dubanka ta ce "kai" ba. Da ni ce 'yar aiken. Kana zaune a tabarma ɗaya da ita za ta ce, "Zuhura, ki ce ma mai tumaki tuwonai na sanyi." Da aure ya kawo ni nan, mussa ta gaje ni, yau shekara tara, kuma ta fi ni riƙe aikin tunda ita ba ta dariya. Lantana ta ce ai matan yanzu sun bar irin wannan kunyar. Ashe Inna tana ji daga ɗaki, kunnen da ba ya kama salula. Ta ce, "Su dai sunka bari."

To amma da na zo wajen garke da kaska, dariyarta ta ɗauke. Ta ce in rubuta daidai yadda ta faɗa, kuma saƙon na mussa ne, ba naka ba. Ga shi:

"Mussa, ki ce ma mai tumaki shi buɗe miki ɗaki, garke ba wurin kwananki ba na. Kullum bayan la'asar shi aza ki bisa cinya shi laluba miki kunne ciki da waje, da wuya, da hammata, da tsakanin yatsu. Kaska ba hizga tata a ka yi ba, a kama ta gab da hwata a ja sannu-sannu hal ta saki. Matsehwata na nan cikin kwallad da nika aje tasbaha. Ki ce mai kuma shi bar hita gona bai sha hura ba."

Yaya, na san kana murmushi, amma ka yi abin da ta ce. Shekara tara idonta bai gani sosai, yatsunta kuwa ba su taɓa barin kaska ta kwana a jikin mussar nan ba. Ƙawata Mardiyya, wadda muka yi koleji tare, yanzu likitar dabbobi ce a Madawa. Ta taɓa gaya mini kaska ba shan jini kaɗai take ba, tana bar wa dabba ciwo a cikin jinin, kuma daɗewarta a maƙale shi ne haɗarin. Ba a tumaki kaɗai ba, har mussa.

Ka gaida Hajo. Ka shafa wa yatsan naka man kaɗanya, jarumi.

Ƙanwarka,
Zuhura

*

Galma, 12 ga Agusta

Zuhura,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Na gode Allah da jin idon Inna ya buɗe. Saƙo ya iso, mussa ta isar. An buɗe ɗaki, an ga matsefata. Ki ce mata mai tumaki ya ji, kuma yana shan fura kafin ya fita. 'Yar aikenta tana nan lafiya lau, tana kwance a ɗakinta. Gero ya fara fitar da kai. Kowa yana gaishe ta.

Daga nan zuwa ƙasa naki ne ke kaɗai. Wannan karon ba wasa nake ba.

Takardarki sai shekaranjiya ta zo hannuna, kuma sai ranar na buɗe ɗakin. Da na ɗora mussar a cinya na laluba, kaska tara na cire, wasu sun kumbura kamar ƙwayar wake. Ba ta ko yakushe ni ba, abin da bai yi mini daɗi ba ke nan. Yau kwana uku ba ta cin abinci, ko nono aka ajiye sai ta shinshina ta kau da kai. Jikinta da zafi. Ta shige ƙarƙashin gadon Inna ba ta son fitowa. Hajo ta buɗa bakinta ta ce dasashin ya yi fari.

Ni dai ina ganin gajiyar jini ce, kwana biyu za ta ware. Ranar kasuwar Madawa zan shiga in samo mata magani. Na san abin da za ki ce, to ki bari. Ba zan ratsa kasuwar Madawa da mussa a kwando ba. Mato dillali kaɗai ya isa ya kai labarin har Ƙonni kafin azahar. Mutumin da ake kira tun daga Buza ya zo ya duba rago, a gan shi a layin likita da mussa? Dabba dai dabba ce, na san abin da zan tambaya.

Kada ki tayar wa Inna da hankali a kan abin da bai kai ba.

Yayanki,
Halidu

*

Ibohamane, 15 ga Agusta

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma lallai kana lafiya, tunda sau huɗu na hau tudun bayan lakwal inda salula take samun rezo na kira ka, tana shiga ba ka ɗauka ba. Na nemi Mardiyya, lambar da nake da ita ta daina aiki. Shi ya sa na roƙi Jima ya kawo maka wannan hannu da hannu.

Dabba ba dabba ba ce. Don Allah don Annabi kada ka sa mata maganin tumaki, kada ka ba ta parasetamol ko wata ƙwaya ta mutane, kada ka shafa mata kalanzir. Ka sa ta a kwando ka kai wa Mardiyya. Ɗakin shan maganinta yana bayan tasha, mai ƙofa shuɗiya. In ka isa ka buɗe baki ka ce mussa. Gaɓa biyu ce kalmar, 'yan ajina na farko ma suna iya faɗarta.

Ka sa ni abin da ban taɓa yi ba. Na karanta wa Inna rabin sama na tsaya. Ka manta yanzu tana gani. Ta dubi takardar a hannuna ta ce, "Takardag ga cike take hal baya. Mi yas sa karatun yaƙ ƙare da wuri?" Na ce sauran maganar takin zamani ce tsakaninka da Sufyanu. Ta dube ni da sabon idon nan nata. Wallahi Yaya gara ta zage ni. Ni da nake hukunta 'ya'yan mutane a kan ƙarya, na kasa haɗa ido da uwata har muka yi sallar magariba.

Wannan takardar ba ta sa ta ƙarƙashin matashi ba. Da na ce zan rubuto, na tambaye ta ko akwai saƙo. Ta ce, "Ki ce ina gaida mussa." Na jira sauran, na ce, "Sai me za ta ce wa mai tumaki?" Ta ce, "Shi ke nan."

Ka ɗauki salularka.

Zuhura

*

Madawa, 19 ga Agusta

Zuwa ga Malam Halidu, Galma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da iyali, da fatan an tashi lafiya. Sunana Mardiyya Abdoulkadir, likitar dabbobin da ka kawo wa mussa jiya da hantsi. Ka ajiye kwandon ka ce za ka yi alwala, har na rufe ba ka dawo ba, salularka kuma a kashe. A cikin kwandon na ga takardar Zuhura, daga nan na san ko kai wane ne. Na ba mai kabu-kabu wannan ya kawo maka.

Mussar tana da rai, amma ba zan ɓoye maka ba, tana cikin haɗari. Abu biyu ne suka haɗu mata.

Na farko ciwon kaska ne. Na ɗauki ɗigon jini a gefen kunnenta na duba a madubin likita, na ga ƙwayar cutar. Kaska ce take zuba ta, ita kuma sai ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su. Shi ya sa dasashinta ya yi fari, idonta ya yi rawaya kamar mai shawara, fitsarinta ya koma kalar shayi. Wannan ciwon yana da magani, kuma da ta zo a kwanakin farko da na fi ƙarfin zuciya.

Na biyu shi ne maganin da aka zuba mata a gadon baya. Na tumaki ne, ga mussa kuwa guba ne, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Shi ya kawo makyarkyata da dalalar miyau. Wanda ya wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi ya kyauta, ba don haka ba da ba ta kai jiya ba. Na sa mata sarum, wato ƙarin ruwa, na yi mata allurar tsayar da makyarkyata, na fara ba ta maganin ciwon jinin. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ƙarin jini ga mussa kuwa ba mu da halinsa a nan. Sauran na Allah ne.

Malam, na gane maganin, domin kwalbarsa daga hannuna ta fita. Ranar kasuwa ka shigo, ɗakin cike da makiyaya, ka ce ɗan rago ne. Na tambayi nauyinsa ka ce kamar kilo uku. Ba don in tozarta ka na kawo wannan ba. Nawa laifin nake son faɗa. Ka ce mini yana ɓuya ƙarƙashin gado, mutane suka yi dariya, ni ma na yi murmushi. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aikin, na san ɗan rago ba ya shiga ƙarƙashin gado. Ya kamata in ja ka gefe in tambaye ka a hankali, ko in ce sai na ga dabbar. Layi ya yi tsawo, na miƙa maka kwalba na kira na gaba. Tun jiya abin yake cina.

Ko ta tashi ko ba ta tashi ba, ka adana wannan takardar saboda duk mussar da za ta zauna gidanku ko na maƙwabta. A duba jikinta kullum, musamman da damina. A cire kaska da matsefata, a kama gab da fata a ja a miƙe, kada a matse cikinta, kada a ƙona ta. A hana mussa kwana a garke, a sare ciyawar da ke kewaye da gida. In an zuba wa tumaki magani, kada ta raɓe su sai ya bushe. Akwai maganin kaska na mussa daban, da hotonta a jikin kwalin, ina da shi, ba a cika tambaya ba ne kawai. In ta ƙi abinci kwana ɗaya, a ɗaga leɓenta a duba. In dasashi ya yi fari, a taho ranar.

Ka zo gobe. Ta fi natsuwa da zanen da ka shimfiɗa mata a kwandon, ina jin na mai ita ne. Babu wanda zai yi maka dariya a ɗakina.

Na gode. Allah ya ba da lafiya.

Mardiyya Abdoulkadir

*

Galma, 21 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Zuhura.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Sufyanu da yara. Wannan takardar ba ta da rabin sama da rabin ƙasa. Ki karanta wa Inna duka, in kin ji muryarki ta ƙi ki ba Sufyanu ya ƙarasa.

Mussa ta mutu jiya bayan azahar, a Madawa, a kan cinyata. Ni na yi sanadi.

Ranar kasuwa na je wajen ƙawarki da niyyar in faɗi gaskiya, Allah ya sani. Tun daga Galma nake maimaita maganar a kan babur. Da na shiga na tarar da ɗakin cike, ga Mato dillali a kan benci da mutanensa. Ya ce, "A'a, ga mai tumaki da kainai! Yau wane rago na yac ci sa'a?" Kowa ya juyo. Likita ta ce me ke tafe da ni. Na buɗe baki, kalmar nan mai gaɓa biyu ta ƙi fita. Sai na ji kaina ina cewa, "Ɗan rago na, Madam. Kaska ta kama shi, ba shi cin komi, sai ɓoyo ƙarƙashin gado." Mato ya buga cinya ya ce, "Ku ji min! Ragunan Galma hal gado gare su!" Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Na karɓi kwalba na fito.

Da la'asar na zuba mata a baya kamar yadda nake yi wa tumaki. Kafin magariba jikinta ya kama rawa, miyau yana zuba. Hajo ce ta fizge ta ta wanke da sabulu, tana wanki tana kuka. Duk da haka na sake kwana biyu ban koma ba, domin komawa na nufin in tsaya gaban likita in ce ragon nan mussa ne. Kiranki ina gani, na kashe salular. Sai da Jima ya miƙo mini takardarki na karanta inda Inna ta ce "shi ke nan", sannan na ɗauko kwando.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. A bakin tasha na yi kiciɓis da Mato. Ya ce, "Mi ag ga kwando?" Na gaji da ƙarya, na ce, "Mussat Inna ta, ba ta da lahiya." Na tsaya ina jiran dariyar. Ya ɗaga zanen ya duba, ya ce, "Wayyo. Tamu ma bara haka tay yi, hatsin rumbu dut ɓeraye sunka gama da shi bayanta. Yi sauri, Allah shi ba ta lahiya." Har ya tare mini amalanke in wuce. Zuhura, ƙaryar da na yi ita aka yi wa dariya. Gaskiyar ba wanda ya yi mata. A kan dariyar da babu ita na kashe amanar uwata.

Wajen likita ma sai da na sake abin kunya. Ta buɗe kwandon, ta shinshina bayan mussar, ta ɗago ta dube ni. Na san ta gane ɗan ragon. Na ce zan yi alwala, na hau babur na gudu. Mai furfura a gemu. Ita ce ta rubuto ta kira ni, har tana ɗora wa kanta laifi. Na koma jiya da safe, na zauna a benci gaban kowa da mussa a cinya, ina laluba kunnenta yadda aka ce in riƙa yi tun farko. Da aka yi kiran azahar ta miƙe ƙafafu, shi ke nan.

Na naɗe ta a zanen Inna na binne ta bayan ɗakin, gindin zogale. Yau na sare ciyawar bayan garke duka, aikin rabin yini, wanda da na yi shi wata guda da ya wuce da ba mu zo nan ba. Ba zan ɓoye miki ba, da safe na tsaya ina kallon mussar gidan maƙwabcinmu Abdallah, kalarsu ɗaya, zuciyata ta raya mini in sa ta a madadin ta Inna. Sai na tuna Inna tana gani yanzu, kuma ko ba ta gani, yatsunta sun san nata. Na yi istigfari na wuce.

Mutane za su ce mussa ce kawai. Ke kin san ba haka ba ne. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekara uku da suka wuce, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni har aka fara kiran dangi, Inna ta zo ta zauna bakin ƙofata da rana tsaka, ta ba ni baya. Tana zaton barci nake. Na ji ta ce, "Mussa, ki ce ma mai tumaki kas shi riga ni. Ban iyawa." Duk maganar da uwata ta taɓa yi mini mai taushi, ta kan mussar nan ta biyo. Aiken cefane da na gona ko Hajo za ta iya kawowa. Wancan irin kuwa ban san ta inda zai sake zuwa ba, kuma ni na toshe hanyar da hannuna.

Ban san yadda zan nemi gafara ba, tunda wadda zan aika babu ita. Ki ce mata na ci amana, na yi mata ƙarya a takarda, na sa ke ma kin yi. Ki ce mata in ta ga dama ta zauna wajenki har kaka, ba zan ga laifinta ba. Hajo tana ta ajiye mini tuwo tana ɗaukewa, na kasa kai hannu.

Ki yafe mini ke ma. Allah ya sa mu gama lafiya.

Yayanki,
Halidu

*

Ibohamane, 25 ga Agusta

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ni na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Na karanta mata duka, ban ba Sufyanu ba. Da na zo maganar zazzaɓi ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga nan ta tashi ta yi la'asar. Bayan ta shafa addu'a ta miƙo hannu na ba ta takardar, ta sa ƙarƙashin matashi, sannan ta ce in ɗauko biro.

Na zauna na ce, "Inna, a ce wa wa?" Ta dubi gefen ƙafarta, inda ka san take duba in za ta ba da saƙo. Ta daɗe tana kallon wurin. Da ta fara faɗin saƙon na ɗaga biro na ce, "Inna, haka zan rubuta?" Ta juya fuska ga bango ta ce, "Ke ba ki ji ba na?"

Jima zai kawo ta ranar Juma'a, ta ce a share ɗaki. Ka gaida Hajo, ka yi mata godiya. Ni na gama nawa, ga nata, ban canza ko harafi ba.

Ƙanwarka,
Zuhura

"Na ji. Rai na Allah na, mussa ta cika kwananta. Ƙaryat ta hi min ciwo, kuma na yahe. Ban da wadda zan aika, to kai nika ma magana. Ka ci tuwonka kas shi yi sanyi."